Daɓen katakon da ba a goge ba: loko ko maɗaci?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum. Muna ƙarasa gini a Jos, kuma surukata ba ta iya taka tayil da asuba saboda sanyin garin, shi ya sa muke son daɓen katako a falo da ɗakinta kawai. Wani kafinta a kasuwar Katako ya ce mu zaɓa tsakanin loko da maɗaci, wanda sai an shimfiɗa shi sannan a goge a shafa masa mai. Simintin ƙasan bai cika wata biyu da zubawa ba. Wanne ya fi, kuma mu jira ko mu ci gaba?

Abu Hafsat: Hajiya, ki sa tayil mai zanen katako ki huta.

Baban Ummi: Ni na yi a Kaduna, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. An kawo katakon cikin watan Agusta, a ranar kafinta ya fara bugawa, ashe ɗanye ne. Da hunturu ya shigo sai ya tsuke, ramuka suka buɗe tsakanin allunan har tsabar shinkafa tana shigewa, yara suna tsintowa da tsinken tsintsiya. Da damina ta dawo ya kumbura, gefen ƙofa ya tashi har ta daina rufuwa. Ƙarshenta na ɓamɓare rabinsa da hannuna. Kuɗin da na kashe ya kusa ninka na tayil sau uku.

Hajiya Binta: Malam, an dai cuce ka a farashi. Namu daga Dei-Dei a Abuja aka saya, bai wuce kuɗin tayil mai kyau ba.

Baban Ummi: Hajiya, kin haɗa da kuɗin guga da mai da hayar janareta kuwa?

Injiniya Sani: Laifin ba na katakon ba ne. Dole a sayi busasshe, a jera shi cikin ɗakin na mako ɗaya zuwa biyu, a auna danshin simintin kafin a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a bar tazarar kusan milimita 12 a jikin kowane bango. Loko ya fi jure gara, amma ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, don haka kada tsohuwa ta kwana a gidan lokacin guga.

Kafinta Ɗanladi: Ranka ya daɗe, shekarata ashirin ina wannan aiki ban taɓa riƙe na'urar awon danshi ba; ƙwanƙwasawa nake yi na ji sautinsa.

Injiniya Sani: Irin wannan ƙwanƙwasar ce ta kai Baban Ummi ga tsintar shinkafa.

Abu Hafsat: Ranar tarewa dai a aika wa gara katin gayyata, don ita ce babbar baƙuwa.

Hajiya Binta: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne kafin alƙalami. Wanda ya yi mana gugar ya karɓi rabin kuɗi, ya goge falo, ya bar injinsa a tsakiyar ɗaki, sai bayan mako biyar ya dawo da labarin rasuwa a ƙauye.

Baban Ummi: Nawa ma rasuwar ya ce, har sau biyu.

Maman Sadiya: Na gode muku duka, amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai game da maɗacin.