Bayan digirin MBA: banki ko Kantin Kwari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, yana son aikin banki, ni kuwa na fi son ya karɓi shagona na Kantin Kwari. Ina neman shawara.

Amsa ta 1: Alhaji, a bar shi ya fara da banki, domin can zai koyi tantance masu neman rance, kuma idan ya ci jarrabawar ICAN, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, darajarsa za ta ƙaru.

Amsa ta 2: Ni shagon mahaifina na koma, na tarar ana rubuta bashin atamfa a bayan kwali. Sai da na buɗe littafin lissafi muka gane yawancin jarinmu yana hannun 'yan sari.

Amsa ta 3: Alhaji, an ji dalilin yaron kuwa?