Auna tazara cikin furotin da terbiyum: ƙarfin haske ko tsawon ransa?

Ɗalibi, Yamai: Assalamu alaikum malamai. Ina son auna tazara tsakanin wurare biyu cikin furotin. Furotin ne mai sisteyin (wani amino asid) biyu: an liƙa wa ɗaya terbiyum (ƙarfe mai fitar da haske) cikin DTPA-cs124, sinadarin da ke riƙe shi, ɗayan fulorasin, rini mai haske. Terbiyum na miƙa wa fulorasin kuzarinsa gwargwadon kusancinsu. Amma ba duk ƙwayoyin suka ɗauki fulorasin ba, wasu terbiyum kaɗai gare su. Yaya za a fitar da tazarar ba tare da sun ɓata lissafi ba?

Malamin kimiyyar sinadarai: Wa alaikumus salam. Bar ƙarfin haske, ka koma kan tsawon ransa, wato lokacin da yake ɗauka yana dusashewa, kuma na fulorasin za ka auna. Haska da leza mai nanomita 337, ka jira mikrosakan 50 zuwa 100 kafin na'ura ta fara karatu. Fulorasin da leza ta taɓa kai tsaye haskensa ya riga ya mutu, ransa wajen nanosakan 4 ne kawai. Terbiyum kuwa a nanomita 490 da 545 yake fitar da haskensa, a 520, inda fulorasin ke fitar da nasa, kusan shiru yake. Duk abin da ya saura a 520 daga ƙwayoyin da ke ɗauke da biyun ya fito.

Sai ka auna ran terbiyum shi kaɗai, wajen milisakan 1.5 cikin ruwa. A ce na 520 ya ba ka 0.5: kason kuzarin da ya koma ga fulorasin, E = 1 − 0.5/1.5 = 0.67. Tazarar kuma R = R₀(1/E − 1)^(1/6), wato 0.89 na R₀, tazarar da rabin kuzarin ke komawa a cikinta. R₀ na wannan haɗi wajen angstrom 45 ne, ka samu 40 ke nan.

Malama, Tawa: Malam ya yi daidai, amma tun wajen shiri ake faɗuwa. Cire DTT, sinadarin da ke hana sisteyin haɗewa da juna, tas kafin ka sa maleyimid, mai liƙa terbiyum da fulorasin ga sisteyin, in ba haka ba DTT zai cinye maleyimid ɗin. pH 7 zuwa 7.5. Bayan liƙawa ka tace fulorasin da bai kama ba. Milisakan lokaci ne mai tsawo, ƙwayar da ke yawo za ta gitta kusa da terbiyum ta karɓe kuzarinsa, tazara ta fito gajera ta ƙarya. Awon biyu kuma, na terbiyum kaɗai da na 520, a ruwa ɗaya, a zafi ɗaya: cikin D₂O (ruwa mai nauyi) ran terbiyum na kai milisakan 2.6, zafi kuma na rage shi. Ranar da babu kuran, klim (na'urar sanyaya ɗaki) ta tsaya, a ɗage awon.

Malamin kimiyyar sinadarai: Ƙari ɗaya. Hasken terbiyum ba ya karkata gefe guda, shi ya sa ɗaukar κ² (adadin fuskantar terbiyum da fulorasin da ke shiga lissafin R₀) a 2/3 ba ya jawo babban kuskure. Matsalar ita ce igiyar da ta ɗaure terbiyum ga furotin, tana lilo. Ka fi gaskata canjin tazara tsakanin yanayi biyu. Da irin wannan awo aka bi motsin Shaker, furotin da ke zama ƙofar fotasiyum a jikin tantani, a 1999.