Neman shawara: an ce tsarin harshen da na ƙirƙira ba ya yiwuwa

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata al'umma ta bakin kogi, kuma na ƙirƙira musu harshensu. Kakata Bazabarma ce, a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifina, kuma idan za ta ce cikin gida sai ta ce "fuwo ra", gidan a gaba, kalmar "ciki" a bayansa. Saboda ita na ɗauki wannan tsari. Sai kuma na sa aikatau a farkon jimla kamar Larabci. Wani malaminmu ya duba ya ce waɗannan biyun ba sa zama tare. Aikin ya yi nisa, hankalina ya tashi. Yaya zan yi?

Wani malami, Argungu: Ɗana, malaminka ya yi gaskiya. A 1963 masanin harsuna Joseph Greenberg ya kwatanta harsuna 30, ya ga cewa duk wanda ke fara jimla da aikatau yana sa irin su "cikin" da "daga" a gaban suna, kamar yadda Balarabe ke cewa "fil baiti". Masu ajiye su a baya galibi masu jinkirta aikatau ne, irin Barbarci da Turkanci da Jafananci, domin harshe yakan bi hanya ɗaya wajen jera jigon magana da abin da ke rataye da shi. Ka zaɓi ɗaya, ka sauke ɗaya.

Wata marubuciya, Gusau: Malam, a gafarce ni, Farisanci yana kai aikatau ƙarshe amma yana sa waɗannan kalmomi a gaba. Marc Okrand ma, wanda ya ƙirƙira harshen Klingon na halittun wata duniya a finafinan Star Trek, da gangan ya fara jimlar harshen da karɓau, wato abin da aiki ya faɗa wa, saboda tsarin ba ya da yawa a duniya. Ni ma haka wani mai duba rubutu ya yi ta gyara mini har na ajiye littafina, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Malamin Argungu: Malama, Farisanci ya saɓa ne ta ɗaya ɓangaren, kuma Klingon ba na 'yan Adam ba ne. Mutanen yaron nan masunta ne.

Wani ɗan Zuru: Yaranmu da suka tashi a birni suna barin harshenmu na C'lela, ga shi ana ta wahala a kan ƙirƙirarren harshen da babu mai jin sa.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma a labarin ƙabilu biyu ne suka haɗu ta auratayya, kuma harsunan da suka daɗe suna cuɗanya sukan ari tsarin juna. Ba zan iya cire na kakata ba, sauya wurin aikatau kuma zai rushe duk waƙoƙin da na riga na tsara.

Malamin Argungu: To wace ƙabila ce ta fi rinjaye a cikinsu, kuma zuriya nawa suka yi tare? Ba ka faɗa mana ba.