Wai sa yara zanen dodo laifi ne?

Malamar nazare: Jama'a, raina a ɓace yake. Na karanta wa ɗalibaina 'yan shekara 5 tatsuniyar Gizo da Dodo a littafi mai hotuna, na raba musu fensir mai kala, na ce kowa ya ƙirƙiro tasa halittar, ko kan kura ne da jikin kifi da fiffiken shamuwa. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, ranar sai da ya ba ni labarin dodonsa mai ƙafa shida. Wani uba ya zo ya ce ina ɓata masa ɗa, sai makaranta ta hana zanen. Yaron da bai saba jan layi ba, yaushe hannunsa zai faɗa a rubutu?

Ustaz: Malama, "halitta" kika ce? Halitta ta Allah ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito za a ce wa masu yin sura su rayar da abin da suka halitta.

Maman 'yan biyu: Haba Malam, kowa ya gane nufinta.

Ustaz: Hajiya, daga baki ɓarna take farawa.

Bazazzagi: Malam, ka manta hadisin Abu Dawud? Nana A'isha tana da dokin wasa mai fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Malikiyya ma sun bambanta sura mai inuwa, wato mai jiki kamar gunki, da zane a takarda.

Ustaz: Kai a gaban wa ka yi karatu?

Bazazzagi: A zaure, ba a waya ba.

Wani uba: Ga 'yan zaure sun fara. Ni dai kuɗin makaranta nake biya don boko, ba don dodo ba.

Maman 'yan biyu: Kai da kake bar wa naka waya suna kallon katun har dare?

Wani uba: Gidana kike leƙe?

Malamar nazare: Don Allah, maganar yaran fa?

Admin: Mu tsaya nan. Abin da na fahimta, akasarinmu mun yarda kalmar ba ta dace ba, hujjar Ustaz kuma ta fi ƙarfi. Malama, ki sa su zanen bishiya da gida.

Bazazzagi: Wane akasari? Mutum biyu ne.