Fatata na tashi rudu-rudu in na cire gashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Tun ina budurwa reza nake amfani da ita, lafiya lau. Bara ƙanwar mijina ta zo ta yi mana wata biyu, ta dame ni wai reza na baƙanta hammata, in koma halawa, wato narkakken sukarin nan da ake manna wa fata a fizge gashi. Ni kuwa ba na son musu da dangin miji. Ranar farko ko minti 10 ba a yi ba ƙafata ta tashi rudu-rudu kamar an zane ni da bulala, ga ƙaiƙayi. Kafin awa ɗaya ya baje. Yanzu ko tawul na goga da ƙarfi sai ya taso, har inda robar siket ta kama ni. Ya zan yi?

Maman biyu: Ni ma reza ta gama da ni, ƙuraje baƙaƙe har yau. Dangin miji kuwa, hmm, kar ki sa in fara.

Anti Babba: Maman biyu, naki daban ne. Gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata, sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake fitowa. Ke kuma ƙanwata borin jini ne, irin wanda guga ke tayarwa. Ja layi da farce a hannunki ki jira minti 5, in ya kumbura to shi ne. Fatar ce ke sakin histamin, sinadarin da ke kawo kumburi da ƙaiƙayi, da zarar an takura mata, shi ya sa ƙwayar cetirizine ko loratadine ke kwantar da shi. Ki ga likita, ki bar halawar nan. Leɓenki ko maƙogwaro ya taɓa kumbura? Wannan kam asibiti ne nan take.

Amaryar bana: Ki sayi man cire gashi kawai ki huta, ba ja ba guga.

Anti Babba: Wane hutu? Sinadarin cikinsa narkar da gashi yake, ya wuce lokacin da aka rubuta a kwalin ya ƙone ta. In ma za ta shafa, ta gwada a ɗan wuri ta jira awa 24.

Mai tambaya: Anti ai ba laifin halawar ba ne, tana kai ni sati uku fes. Kuma ni ba na son shan ƙwaya. Ba wani abin shafawa ne?

Anti Babba: Na tambaye ki maganar leɓe ba ki amsa ba.

Maman biyu: To ni baƙin tabon nan fa, me zan sa masa?