Waɗanda suka je rangadin Renaissance na Beyoncé, ku ba mu labari

Ummita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mawaƙiyar Amurka Beyoncé ta fitar da jadawalin rangadin kundinta na Cowboy Carter, kuma a duk Turai birane biyu kaɗai za ta taka, Landan da Paris, a watan Yunin 2025. Raina yana son zuwa, amma ban taɓa shiga taro irin wannan ba, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Don Allah waɗanda suka je rangadin Renaissance a 2023 su faɗa mini abin da suka gani, daɗin da wahalar duka. Babbar tambayata ita ce: me mutum ke samu a filin nan da ba zai samu ba in ya zauna a ɗakinsa ya kunna waƙoƙin?

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni daren farko na gani, ranar 10 ga Mayun 2023 a Friends Arena da ke Stockholm, babban birnin Suwidin. Amsar tambayarki tana cikin yadda aka yi da kundin Renaissance ɗin tun farko. An sake shi a ƙarshen Yulin 2022, kuma ba a biyo shi da bidiyon waƙoƙin ba kamar yadda ta saba yi. Mutane suka yi ta jira har suka gaji. Ashe rangadin shi ne bidiyon. Duk abin da ta so mu gani game da waƙoƙin nan, a kan dandamali ta ajiye shi.

Ba ta ɗauko wani mawaƙi ya buɗe mata fili ba. Ita ta fito da kanta, ta fara da tsofaffin waƙoƙinta masu sanyi, murya zalla, babu rawa babu hayaniya. Wasu a kusa da ni har sun fara tambayar ko haka za a tafi. Sai ta shige, fitilu suka mutu, makeken allon da ya rufe gefen filin ya kama, aka shiga sabon kundin kusan a jere yadda yake a faifai. Kin san waƙoƙin a haɗe suke, ɗaya na zubawa cikin ɗaya ba tsayawa. A ɗaki kunnenki ne kawai ke jin haɗin. A fili kuwa kiɗan a ƙirji yake dukanki, kuma kina ganin mutum dubu arba'in da ɗoriya sun juya tare daidai inda waƙa ta juya. Gani ya kori ji, wallahi. Akwai waƙoƙin da nake tsallakewa a waya, tun daga daren nan ban sake tsallake su ba.

Wahalar da muka sha ta masauki ce. Otal-otal na cikin gari sun cika, farashi ya yi sama, mutane da yawa sai a garuruwan gefe suka kwana. Na haɗu da Amurkawa a layi da suka ce kuɗin jirgi da tikitin Stockholm ya fi musu sauƙi a kan tikitin garinsu. Daga baya har wani masanin tattalin arziki na bankin Danske ya ce zuwanta ya taimaka wajen hana hauhawar farashi sauka yadda aka zata a Suwidin a watan. Ki nemi wurin kwana a ranar da kika sami tikiti, kada ki bari sai gobe.

Ɗan Makaranta:
Anti ta faɗi daɗin, bari in faɗi inda ake shan gumi. Ranar da aka buɗe sayar da tikiti na shiga layin intanet da wuri, na tarar da jama'a a gabana ba iyaka. Shafin ya yi ta tsayawa, in ka zaɓi kujera kafin ka biya wani ya ɗauke. Yawan masu nema ne ya sa aka riƙa ƙara darare a Landan har suka kai biyar a filin Tottenham, kuma a cikin ƙarin na samu. Saboda haka in kika rasa a zagayen farko kada hankalinki ya tashi ki ruga wurin 'yan bayan fage. Wani abokin karatuna ya saya a hannun wani a soshiyal midiya, aka turo masa hoton tikiti, ya je ƙofa na'ura ta ƙi karɓa. Ya koma gida da ƙunar rai, kuɗin kuma sun tafi.

Tunda a filin nan za a sake yi: jaka kada ta wuce girman takardar A4, ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki sai kati, kuma tikitin a waya yake, to ki cika caji. Tashar White Hart Lane ce a kusa amma takan cushe bayan an tashi. Mu tashar Seven Sisters muka taka, tafiyar kusan rabin awa ce. Ki sa takalmin da za ki iya tafiya da shi bayan kin yi awa uku a tsaye.

Maman Sultan:
Ni Paris na je, Stade de France, ranar 26 ga Mayu. Kwana biyu ke nan da rasuwar shahararriyar mawaƙiya Tina Turner, kuma Beyoncé ta tsaya ta ambace ta, ta ce ba don ita ba da ba ta kan dandamalin nan. Ana jin nauyin maganar a muryarta. A daren ne kuma 'yarta Blue Ivy ta fara fitowa cikin masu rawa, tana da shekara 11. Babu wanda ya san za a yi haka. Da aka nuna fuskarta a allo filin ya ɗauki ihu, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, don abin da na gani uwa ce tana satar kallon 'yarta a gaban dubban jama'a, tana waƙa tana lura da ita. Duk wadda ta haifa ta san wannan kallon.

Shawarata, Ummita, ki sayi kujera a sama mai fuskantar dandamali. An gina wasan ne don a gan shi daga nesa. Allon, fitilun, hannayen injin da ke motsi a gefenta, jerin masu rawa, dokin azurfa da ta hau a ƙarshe kafin a ɗaga ta sama da kawunan mutane, duka hoto ɗaya ne. Wanda ke gindin dandamali ɓangare kawai yake gani.

Yaya Kabiru:
Maman Sultan, a nan kam ban bi ki ba. Ni a tsaye na kalla, kusa da zagayayyen dandamalin da ya shigo tsakiyar jama'a. Gaskiya ne ban ga allon yadda kika gan shi ba. Amma hoton nan da kike magana an ɗauke shi, an fitar da fim ɗin rangadin a Disambar 2023. Abin da kyamara ba ta ba ka shi ne jin numfashinta tsakanin baiti da baiti, ka tabbatar da bakinta take waƙar alhali tana rawa. Na ga gumi a fuskar 'yan biyun nan masu rawa na Faransa, Les Twins, na ga yadda masu busa da makaɗa ke yi wa juna ishara da ido. Wannan aikin mutane ne da suka yi watanni suna gwaji, kuma daga kusa kake ganin girmansa.

Sai dai in faɗi gaskiya, tsayuwar ba ta kowa ba ce. Ka zo tun rana, ka kama wuri, in ka fita bayan gida wurinka ya tafi. Na ga waɗanda aka fitar saboda jiri. Mai ciwon baya ko ƙafa ya nemi kujera.

Maman Sultan:
Na yarda da batun muryar, Yaya. Amma fa ƙanwarmu karon farko ne.

Baban Nana:
Mu a Amurka muka gani, ranar 6 ga Agusta, a filin da ke Landover cikin jihar Maryland, dab da Washington. Hadari ya haɗo da yamma, walƙiya ta fara, aka ce kowa ya nemi mafaka, na waje su koma motocinsu. Muka tsaya a ƙarƙashin rumfuna cikin zafi da cunkoso, ba wanda ya san ko za a yi ko an fasa. Da aka ba da izini aka fara a makare, ruwa kuma bai ɗauke ba. Ta yi wasanta a cikinsa. Damuwar mutane ita ce yadda za a koma gida, sai aka sanar cewa masu rangadin sun biya dala 100,000 don jiragen ƙasa na birnin su ƙara awa ɗaya suna aiki. Wannan ya ƙara mata daraja a idona fiye da duk kayan ƙyalƙyalin.

Abin da ba na mantawa shi ne wurin da take cewa kowa ya yi shiru a tsakiyar wata waƙa. Kiɗa ya tsaya cak, ita da masu rawa suka daskare, filin ya yi tsit na 'yan daƙiƙu. Birane har gasa suke yi a kan wanda ya fi iya shirun. Ga kuma wata tsohuwar waƙarta da ta bar wa jama'a, aka yi ta rerawa ana ƙara ɗaga murya ita tana tsaye tana saurare. Ka ga a nan ɗan kallo ma yana da aikin yi, kuma ba a yin wannan a ɗaki.

Ga masu tunanin zuwa da yara ƙanana, ni ban ba da shawara ba. Ƙarar lasifika ta yi yawa, ana tashi da dare sosai, kuma wasu kalaman da shigar na manya ne. Ko babba ya tafi da abin toshe kunne.

Malam Sada:
Na je na Amsterdam, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai har yau. Wasa 56 aka yi daga Mayu zuwa 1 ga Oktoba da aka rufe a Kansas City, aka tara kimanin dala miliyan 579, kuma duka a Turai da Arewacin Amurka. Babu Afirka, babu Asiya, babu Kudancin Amurka. Alhali mawaƙiyar Najeriya Tems tana cikin kundin Renaissance, kuma waƙar da 'yarta ke rawa a kai daga kundin The Gift na 2019 take, wanda aka yi da mawaƙan Afirka irin su Yemi Alade da Wizkid da Burna Boy da Tiwa Savage. Ina tsaye ina jin kiɗan nahiyarmu yana girgiza filin Turai, ina tunanin miliyoyin da suka haddace waƙoƙin amma sai sun nemi biza kafin su gan ta.

Na san hujjar da ake kawowa. Dandamalin nan motocin dakon kaya masu yawa ke ɗaukarsa daga gari zuwa gari, ana buƙatar filin da zai ɗauki nauyinsa, da wuta, da masu iya biyan tikitin da zai mayar da kuɗin. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma ta yi wasa a Johannesburg a Disambar 2018 a bikin cika shekara 100 da haihuwar Mandela, filin ya cika. Ana iya rage kaya a je. Duk lokacin da aka ce rangadin duniya, a duba taswirar tukuna.

Ummita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga kujera kamar yadda Maman Sultan ta ce. In na rasa na Landan, zan iya neman na Paris?

Anti Rabi:
Za ki iya, jirgin ƙasa na Eurostar daga St Pancras zuwa Gare du Nord bai kai awa biyu da rabi ba, daga nan kuma layin RER B ko D zai kai ki Saint-Denis inda filin yake. Amma ki duba takardunki kafin ki biya ko sisi. Bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa, in fasfonki na buƙatar bizar Schengen sai kin nema daban, kuma samun ranar ganawa a lokacin bazara yakan yi wuya. Sannan kada ki tafi da tsammanin irin abin da muka ba ki labari. Renaissance kiɗan rawa ne na disko da house, Cowboy Carter kuwa ya jingina da kiɗan country na kudancin Amurka, da jita da banjo. Ki zauna ki saurare shi daga farko har ƙarshe a jere, waƙoƙi 27 ne, kafin ranar ta zo.