An yi wa ƙanena kilash (waƙar zambo ta rap), mu mayar ko mu yi shiru?

Wan Mawaƙi

Salamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 22, yana rap. Ƴan Tawa ne mu. Ni na riga shi zuwa Yamai, ina da ɗan shagon gyaran salula, shi kuma ya biyo ni bayan ya faɗi BEPC sau biyu. Tsohuwarmu ba ta so ya taho ba, sai da na yi mata alkawarin zan riƙe shi. Mikoron farko ni na saya masa, takalmin da ya sa a kilip ɗinsa na farko ma nawa ne. Akwai wani yaro da suka fara tare a fada ɗaya, shayi ɗaya, tabarma ɗaya, sau nawa ya kwana ɗakinmu ya ci tuwonmu. To ranar Juma'a yaron nan ya saki waƙa. Bai kama suna ba, amma ya ce "ɗan ƙauyen da wansa ke saya wa wando", ya kuma ce ƙanena ba shi ke rubuta waƙoƙinsa ba. Jiya wani yaro ya kawo mini salula gyara, yana tsaye gaban tebur yana rera wurin wandon, yana kallona. Ga shi an sa su biyun a afish ɗaya, wasan bayan sallah. Na riga na biya jika 40 a sitidiyo, ranar Alhamis za a shiga. Ƙanena ya cika shafi uku, a ciki har da maganar ƙanwar yaron da asalin ubansa. Mu saki ko mu bari? In za a saki, ta yaya?

Ɗan Bukoki

Garan, wace tambaya ce wannan? A mayar! Shiru a rap ba haƙuri ba ne, kaye ne. A 2015 Meek Mill ya ce Drake ba shi ke rubuta wa kansa ba, irin zancen nan dai. Drake ya sako waƙa biyu cikin kwana huɗu, wancan yana ta jan ƙafa. Kafin ya buɗe baki duniya ta gama yanke hukunci.

Tsohon Injiniya

Ƙanena, bari in fara da abin da ya riga ya ɓaci. An sako waƙa Juma'a, ku kuna shiga sitidiyo Alhamis, a haɗa sauti, a saki Asabar. Kwana takwas ke nan. Amsar kilash kwana biyu zuwa uku take da rai, bayan nan dumame ce. Dubi Mayun 2024. Drake ya saki tasa ranar 3 ga wata da dare, ba a cika awa guda ba Kendrick Lamar ya ɗora wata a kai, washegari ya ƙara wata. Ba a ma samu zarafin sauraron ta Drake ba. Wannan yana nuna waƙoƙin suna ajiye tun kafin a taɓa shi. Tunda ku kun makara, gaggawa ba ta da sauran amfani gare ku, kyau kawai zai fisshe ku.

Shafi uku kuwa ku yaga biyu. Baiti biyu, kowane mazir 16 (mazir ɗaya bugun kiɗa huɗu ne), da amshi mazir 8 sau uku. A kiɗa mai gudun bugu 95 a minti, mazir 16 daƙiƙa 40 ne, duka waƙar ba za ta wuce minti biyu da rabi ba. Mazir huɗun farko su ne kasuwa: nan za a ɗauko maganar wandon a juya ta. Kada ya musa. Ya amsa cewa e, wansa ya saya masa, shi yana da wa, wani kuwa a ɗakin wan nan ya ƙoshi. Zagin da mutum ya karɓa da bakinsa ya daina ciwo, kuma ba wanda zai sake rera maka shi gaban tebur. Abin da ke kashe amsoshin yaranmu shi ne rashin amshi. Sai mutum ya jero zagi minti biyar, ƴan fada su ce "wuta!", gobe babu mai iya tuna layi ɗaya. Waƙar da Kendrick ya rufe faɗan da ita ana rawa da ita, shi ya sa ta ɗauki lambar yabo ta Grammy har biyar a Fabrairun 2025. Amshi ya zama kalma shida ko bakwai, wanda ɗan kabu-kabu zai iya yi da leɓe yana tuƙi.

Wajen ɗauka, kada a bar shi ya shiga da fushi yana ihu, murya za ta fashe kuma numfashi ya ƙare masa a mazir na goma. Tazarar taƙi guda tsakanin baki da mikoro, allurar awon ƙarfin sauti kada ta haura -6, a ɗauki baiti sau uku a zaɓi ɗaya, a ninka ƙarshen layuka kawai. A kilash murya ke gaba, kiɗa a baya, a rage amsa-kuwwa sosai don kowace kalma ta fito. Ku saurare ta a ƙaramar salula kafin ku bar sitidiyo, domin a nan jama'a za su ji ta, ba a bafal ɗin injiniya ba. A WhatsApp ku tura MP3 ɗin kanta, wajen mega biyu da rabi, kada wani ya kunna ya sake ɗauka da saƙon murya. Ku yanka daƙiƙa 20 na amshi don TikTok rana ɗaya da fitowa.

Malama Lauya

Malam, kafin batun mazir, ku cire ƙanwar nan da uban. Dokar laifukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022, amma a Yunin 2024 an maido da ɗauri: ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani, shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Abin da aka ga zai dagula zaman lafiyar jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, shekara 2 zuwa 5. Tonon asali can yake iya faɗawa. Rashin kama suna ba kariya ba ne in unguwa duka ta gane wa ake nufi. Yarinyar ba mawaƙiya ba ce, ita da iyayenta suna da damar kai ƙara ko da wanta bai so ba. Kuma wanda ya sa waƙar a shafinsa, wato kai, shi ma ana iya neman sa. "Ba ka iya rap ba", "ba ka cika fili", wannan ra'ayi ne. "Ƙanwarka ta yi kaza" zargi ne, sai an kawo hujja.

Wan Mawaƙi

Malama na gode, amma abin da aka rubuta a kan yarinyar ba ƙage ba ne, kowa ya sani. Kuma shi da ya taɓa ni, ni mawaƙi ne? Me ya sa nawa mutuncin ba a lissafa shi?

Malama Lauya

"Kowa ya sani" ba ya zuwa gaban alƙali ya rantse. Wando kuwa kai da bakinka ka ce har takalmi ka ba shi.

Baban Fada

Ɗana, ni abin da ke ba ni haushi daban ne. Lokacin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, rap ɗin ƙasar nan da cin hanci yake faɗa, da zaman kashe wando, da auren dole. Yau ƙarfin yaro duka ya ƙare a wandon abokinsa. Kuma ko zambon ma ba su iya ba. Makaɗan fada sun yi shekaru aru-aru suna yi wa abokan gabar sarki zambo, su siffanta mutum da tafiyarsa da rawaninsa har kowa ya gane, ba su ambaci uwarsa ba. Ɗan kokowa yana kirari a fili, ya kira kansa abin da ya ga dama, in an kada shi ya tashi ya rungumi wanda ya kada shi. Ku ƴan Tawa ne fa, garin da aka fara kokowar takobi a 1975, bai kamata a koya muku wannan ba.

Masu kawo misalin Amurka su faɗa har ƙarshe. An harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika bayan kwana shida, yana da shekara 25. Bayan wata shida aka harbe Biggie a Los Angeles, yana da 24. Shawarata, ka ɗauki goro ka je wurin wanda ya girme su duka a fadar da suka taso, a zaunar da su. J. Cole ya saki tasa a kan Kendrick a Afrilun 2024, bayan kwana biyu ya hau dandamali ya ce ya yi kuskure, ya janye ta. An yi masa dariya sati biyu, da faɗan ya kai ga tonon iyali kowa ya ce shi ne mai wayon.

Tsohon Injiniya

Baba, da girmanka, J. Cole ya janye ne yana da shekaru fiye da goma a sama da filayen da yake cikawa. Yaron da bai da ko albom ɗaya in ya janye, sunansa ke nan har abada. Kuma gasa ba ita ke kisa ba, ƴan rakiya ke kisa. Jay-Z da Nas sun yi wa juna kaca-kaca a 2001, babu wanda ya zub da jini, a 2005 suka tsaya dandamali ɗaya, a 2006 Nas ya sa hannu a kamfanin waƙa na Def Jam lokacin Jay-Z ke shugabanta. Ranar 11 ga Satumba 2007 Kanye West da 50 Cent suka fitar da albom rana ɗaya da gangan. Satin farko Kanye ya sayar da 957,000, 50 Cent 691,000. Wanda aka ce ya faɗi ke nan, da dubu ɗari shida da casa'in da ɗaya! Goron sai bayan an mayar, a je sulhu ana kunnen doki. Batun ƙanwa kuwa ina bayan Malama, amma ba don doka kaɗai ba. Layin da ya taɓa mace, rediyo ba za ta sa ba, masu biki ba za su sa ba, mata kuma su ne rabin masu tura waƙa.

Hajiya Mai Shirya Wasa

Ku duka kuna sitidiyo, ni afish ɗin nan ke damuna. Booba da Kaaris, mawaƙan rap na Faransa, ba a waƙa suka kunyata ba, haɗuwa suka yi a filin jirgin Orly ranar 1 ga Agusta 2018 kowa da zugarsa. Aka tsare su, kotu ta ba kowanne wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka da tarar yuro 50,000, sama da miliyan 32 namu. Ka je wurin mai wasan tun yanzu, a rubuta a takarda. Kowa da lokacin isowarsa, tazarar awa guda, kowa da wurin zamansa. Ƴan rakiya biyar-biyar da sunayensu a ƙofa, sauran su sayi tikiti. A sa mawaƙa biyu aƙalla tsakaninsu. Wanda zai rufe a jefa kwabo gaban shaidu tun ana saura sati, domin rigimar "ni zan hau ƙarshe" ta fi ta waƙar zafi. Ruwa a leda kawai, ban da kwalba. Mai sono ya san yana da izinin kashe mikoro in aka fita daga abin da aka shirya. Kuma ƙanenka ya sauka ya shiga mota kai tsaye, ba tsayawa hoto a bakin ƙofa. In mai wasan ya ji ƙanshin rigima bai ga wannan shiri ba, wanda ya fi ƙarancin jama'a zai cire, ka san ko wane ne.

Ɗan Bukoki

Tsaya garan. Na gano waƙar. Ba ƙanenka ba ne watan jiya ya yi kai tsaye a TikTok ya ce duk Yamai babu mai riƙe masa jaka, har ya kwaikwayi tafiyar yaron? Wannan ka manta ba ka faɗa ba.

Wan Mawaƙi

Wannan wasa ne, a fada aka yi ana shan shayi, ba waƙa ba ce. Akwai bambanci tsakanin raha da shiga sitidiyo.

Tsohon Injiniya

Wurin mai kallo babu. To ashe waƙarsa amsa ce, taku zagaye na uku. Wannan ya canja rubutun: duk layin "ka ci amanata" a cire, za su ɗora bidiyon a ƙarƙashi. Tambaya biyu. Kiɗan na wa ne? In daga YouTube aka sauke, irin na kyauta, akasari ba a yarda a nemi kuɗi da shi ba, mai shi yana iya sa a toshe waƙar ran da ta fara tashi. A sa mai kiɗa na nan ya yi sabo, a rubuta yarjejeniya ko a takardar kaye ce, a kai waƙar BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha, a yi rajista. Ta biyu, kuma ita ce babba: wa ke rubuta masa? In zargin ƙarya ne maganinsa mai arha ne, a aza salula, ya yi minti biyu da ka, ɗauka ɗaya babu yanka, wani ya riƙa jefa masa kalmomi. In kuwa da ƙamshin gaskiya, kada ya kusanci batun, domin yaron da ya kwana ɗakinku ya ga abin da ya gani.

Wan Mawaƙi

Shi ke rubutawa. Ni dai nakan duba in gyara masa kalma, wani lokacin in ba shi amshi, don na fi shi Hausar littafi. Wannan ai ba rubuta masa ba ne, kowane wa zai yi. Kiɗan kuma wani abokinsa ya turo, ban tambayi inda ya samo ba.

Malama Lauya

Layin yarinyar wa ya rubuta a cikinku?

Baban Fada

Goro dai, ɗana. Jika biyu ya isa.

Wan Mawaƙi

Na ji duka, Allah ya saka. Asalin uban za mu cire. Na yarinyar za mu sassauta shi yadda sai wanda ya sani zai gane. Jika 40 ɗin ba a mayarwa, don haka Alhamis muna ciki. Injiniya, in an yi baiti uku maimakon biyu laifi ne? Akwai abubuwa a shafi na uku da ba zan so a bari ba.